An sallamo min mijina wata uku kenan, amma har yau bai dawo daidai ba

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana ne ya yi ciwon nimoniya mai tsanani har ƙwayar cutar ta shiga jininsa, ya yi kusan sati uku a ɗakin kulawa ta musamman, kwana 12 daga ciki inji ne yake masa numfashi, bai san wanda ke kansa ba. Alhamdulillah ya tashi, an sallame mu wata uku kenan kuma an ce huhunsa ya washe. Amma wallahi mutumin da na dawo da shi gida ba shi na sani ba. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya zauna yana haki, abinci cokali uku ya ture, da rana barci da dare ido biyu, in ya samu barcin kuma ya farka a firgice yana cewa an ɗaure shi za a kashe shi. Abu kaɗan ya hau faɗa, magana sai na maimaita masa, gashin kansa ma zubewa yake. Ko hannuna ba ya riƙewa. Danginsa wasu na cewa na shagwaɓa shi, wasu na cewa bana kula da shi. Shekaranjiya na kasa daurewa na ce masa kai ne baka son warkewa, ya juya fuskarsa bango bai ƙara cewa uffan ba. Wani lokaci ji nake kamar in gudu. Anya zai dawo daidai kuwa? Kuma ni muguwa ce da nake jin haka?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan wannan ɗawainiya.

Bari in fara da tambayarki ta biyu tunda na san ita ke hana ki barci. Ke ba muguwa bace. Mace ce ke da ta yi sati uku a bakin ƙofar ɗaki tana jiran a fito a ce mata ya rayu ko ya tafi, daga nan ko hutun yini ɗaya bata samu ba ta zarce da wata uku na ɗagawa da kwantarwa da lallashi. Duk wanda aka ɗora wa wannan sai ya gaji, kuma gajiya ce ta yi magana da bakinki shekaranjiya. Zan dawo kan yadda zaki gyara wannan, amma dan Allah ki fara ajiye wannan tuhumar da kike wa kanki ki saurare ni.

Wata uku bayan irin wannan kwanciya ba jinkiri bane. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ranar sallama ba shi ne, takardar sallama ma'anarta ya fita daga hatsari, baya buƙatar gadon asibiti, shikenan. Ba ta ce ya warke ba. Duk abin da kika lissafo min, tun daga hakin har zuwa mafarkin da mantuwar da saurin fushin, likitoci sun san shi sarai a wajen mutanen da suka kwanta a ɗakin kulawa ta musamman, har wani taron masana da aka yi a Amurka a 2010 ya haɗa su a suna ɗaya, a taƙaice suna ce masa PICS, wato matsalolin da ke biyo bayan kwanciya a ɗakin kulawa ta musamman. Ki riƙe wannan sunan, zai miki amfani a gaban likita. Abin yana taɓa jiki, yana taɓa tunani, yana taɓa zuciya, kuma suka ce har iyalin majinyacin yana kamawa, wato ke ma kina ciki.

Ɗauki maganar hakin. Mutum in yana kwance cikin tsananin ciwo jikinsa cin naman kansa yake yi, tsoka narkewa take da saurin da ba zaki zata ba. A wani binciken Ingila da aka wallafa a 2013 an auna tsokar cinyar irin waɗannan majinyata aka ga ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10 kacal. To ki ƙiyasta naki da ya yi kusan sati uku. Kuma ba cinya kaɗai ba, har tsokar da ke ja masa numfashi ta yi laushi saboda kwana 12 inji ne ke mata aikinta. Shi yasa za a duba hoton ƙirji a ce ya washe amma mutum ya taka goma ya tsaya. A Toronto ta ƙasar Kanada akwai likitocin da suka bi wasu mutum 109 da suka tsira daga mummunan ciwon huhu, yawancinsu ba tsofaffi ba, suka ga sun fito daga ɗakin da ragin kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin jikinsu, kuma bayan shekara guda cur kusan rabinsu ne kawai suka koma bakin aiki. Abin da ya riƙe su ma ba huhun bane sosai, raunin jiki ne da kasala. Mafi yawansu sun koma aikin daga baya, amma kinga lissafin ai na watanni ne da shekara, ba na sati ba. Dama ai ciwo ne ke shiga farat ɗaya, sauƙi sai a hankali.

Sai maganar ɗaurewar nan, ita na fi so ki fahimta da kyau domin ina jin a nan ne kuka fi yin nisa da juna. Kar ki ce masa mafarki ne kawai ka manta. Mutumin da ke kan injin numfashi ana ba shi magungunan sa barci masu ƙarfi, ga zazzaɓi, ga fitila da ƙarar na'urori dare da rana, sai ƙwaƙwalwa ta ruɗe ta riƙa haɗa gaskiya da abin da babu. Kuma sau da yawa ana ɗan ɗaure hannuwan mara lafiya a jikin gado da ƙyalle mai laushi don kar ya fizge bututun da ke maƙogwaronsa cikin magagi. To ki sa kanki a matsayinsa, ka buɗe ido baka san inda kake ba, ba ka iya magana, hannunka a ɗaure, ga wasu mutane fuska a rufe sun sunkuyo kanka da allura. Me zuciyarka zata ce maka? Ke kin san ceton ransa suke yi, shi kuwa abin da ya ajiye a kansa shi ne an so a kashe shi, kuma har yau babu wanda ya zauna ya warware masa. A ƙasashe irin su Denmak da Suwidin da Nowe nas-nas sun daɗe suna rubuta wa irin waɗannan majinyata littafin abin da ya faru kullum, don in sun farfaɗo su karanta su cike gurbin kwanakin da suka ɓace musu. Ke ma zaki iya masa irin wannan da bakinki. Da rana ba da dare ba, ranar da kika ga yana da ɗan sakewa, ki tambaye shi me kake tunawa daga asibiti, ki bar shi ya faɗi komai ko da bai yi kan gado ba, kar ki katse shi kar ki yi dariya. Sannan ki ba shi naki labarin a jere, ranar kaza aka kai ka, ranar kaza aka sa maka bututun, dalilin ɗaure hannun kenan, ina nan a waje ban tafi ko'ina ba. In ya ce baya so yanzu ki ƙyale shi, wata rana zai tambaya da kansa. In kuma kika ga firgicin na ƙaruwa, ko ya fara ƙin komawa asibiti gaba ɗaya saboda tsoro, to wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne ko masu ba da shawara kan damuwa, kuma yana da magani. Kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka fito daga wannan ɗaki suna fama da irin wannan firgici, kusan 1 cikin 3 kuma da alamun ciwon damuwa, don haka ba shi kaɗai bane kuma ba hauka bane.

Mantuwar ma daga nan take. A wani binciken jami'ar Vanderbilt ta Amurka da aka wallafa a 2013 an gwada tunanin ɗaruruwan majinyata irinsa, wata uku bayan sallama aka ga 40 cikin 100 ƙwaƙwalwarsu na aiki kamar ta wanda ya taɓa buguwa sosai a ka. Ba zan ɓoye miki ba, a wajen wasu abin yakan ja lokaci har ya wuce shekara. Saboda haka in zaki faɗa masa abu ki faɗi ɗaya ki tsaya, ki kashe talabijin, ki kalle shi, abu mai muhimmanci kamar lokacin magani a rubuta a manna inda zai gani. Kuma ki daina ce masa ai na faɗa maka ɗazu, ya san ya manta, tunasarwar ce ke ƙona shi. Gashin kuwa ki kwantar da hankalinki, shi ne mafi sauƙi a cikin duka, yakan zube wata biyu zuwa uku bayan jiki ya sha babbar wahala kuma yakan tsiro da kansa cikin watanni.

Yanzu ga inda zan ɗan matsa miki. Danginsa basu kyauta ba da suka ce kin shagwaɓa shi, amma akwai abu ɗaya da soyayya ke sa mai jinya yi wanda baya taimako, shi ne yi wa mara lafiya komai. Kin ga yana kokawa da maɓallin riga, yatsunsa na rawa, ya kama ya suɓuce ya kama ya suɓuce, zuciyarki ta karye kin miƙa hannu kin ɓalla masa cikin sakan biyu. Ke taimako kika yi, shi kuwa abin da ya ji shi ne ko rigata ban iya sawa ba. Mutumin da ya saba shi ke fita ya nemo, shi ake jira ya yanke magana, yau sai an riƙe shi zai shiga wanka, yawancin faɗan da yake miki daga nan yake tasowa, haushin kansa yake ji ke ce kawai a kusa. Ki zauna gefensa ki bar shi da maɓallin ko zai ɗauki minti biyar, ki kawar da kai kamar kina wani abu, in ya nemi taimako sannan. Ki riƙa kawo masa shawarar gida kamar da, maganar yara, maganar abin da za a saya da wanda za a bari, ko da kin riga kin san amsar. Yana buƙatar ya ji har yanzu shi maigida ne ba majinyaci kawai ba.

Tsokar da ta narke kuma kwanciya bata dawo da ita, sai motsi da abinci. Ki nemi likitansa ya tura ku wajen masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu koyar da motsa jiki, wannan haƙƙinsa ne, su ne za su auna shi su tsara masa abin da ya dace da ƙarfinsa. Irin abin da suke farawa da shi ba wani abu bane mai wuya, tashi daga kujera a zauna a sake tashi sau biyar, tafiya ta minti biyu ko uku a cikin gida sau da yawa a yini, ana ƙarawa kaɗan kaɗan duk sati. Ma'aunin shi ne ya iya magana yana tafiyar, in numfashi ya hana shi haɗa jimla to ya wuce gona da iri, ya zauna. Kuma ki lura da wannan tarkon, ranar da ya tashi da ƙarfi zai so ya rama duka, ya yi ta zirga-zirga, washegari da jibi ya kasa ɗaga kai, sai ku duka ku ce ciwo ya dawo. Gara ya tsaya tun da sauran ƙarfinsa. A sa masa kujera a banɗaki ya yi wankan a zaune, wanka a tsaye na cinye ƙarfin da zai yi tafiya da shi.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya iya, amma ki riƙa dubawa sati sati ba kullum ba. Ke da kike tare da shi dare da rana idonki ba zai ga canjin ba, sai kin buɗe shafin wata ɗaya baya kin ga lokacin sai an kama shi yake tashi daga gado. Shi ma ki nuna masa. In kuwa sati huɗu suka wuce littafin bai nuna komai ya motsa ba, ko baya yake yi, to ga hujjarki a hannu ta kai wa likita.

Abinci kar ki cika masa faranti, ganin tulin kaɗai na kashe masa sha'awa, kuma bayan irin wannan ciwo ɗanɗanon baki kan canza. Kaɗan kaɗan sau biyar ko shida, a fifita mai gina jiki, in ƙodarsa ta taɓu lokacin ciwon ko yana da suga a tambayi likita tukunna. Amma ki sa ido kan abu ɗaya, yana tari ko ƙwarewa in yana shan ruwa? Muryarsa na yin kamar da ruwa a ciki bayan ya haɗiya? Bututun da ya kwana 12 a maƙogwaro yakan bar matsalar haɗiya, kuma abinci in yana zamewa hanyar iska zai iya dawo da nimoniyar. Wani ma tsoron ƙwarewar ce ke sa shi ture abincin bai faɗa ba.

Barci kuma sai kin gyara ranar kafin daren ya gyaru. Ya tashi a lokaci ɗaya kullum, ya bar gadon ya sa kaya ya zauna inda hasken safe zai same shi, barcin rana kar ya wuce rabin awa kuma kar ya kai yamma. Kar ki sayo masa maganin barci da kanki.

In za ku koma asibiti ki tattara duk magungunan da yake sha a jaka ɗaya, har da wanda wani ya kawo ya ce a gwada, domin a irin wannan lokaci kowa likita ne. Ki ce a duba ko akwai wanda aka fara a ɗakin kulawa da ya kamata a tsayar, wasu na sa kasala da jiri, amma kar ki tsayar da ko ɗaya da kanki. Ki tambaya a duba ko jininsa ya yi ƙasa, a duba ƙoda da suga. Ki faɗi maganar mafarkin da fushin a fili, maza da yawa in likita ya ce ya jiki sai su ce da sauƙi a tashi a tafi. Kuma ki tafi da mutum ɗaya daga danginsa, wanda aka fi jin maganarsa, ya ji da kunnensa daga bakin likita, wannan ya fi ki tsaya kina kare kanki wajen kowa. Duk wanda ya sake cewa ba kya kula, ki ce masa cikin ladabi yauwa dama ina neman wanda zai zauna da shi ranar kaza daga safe zuwa la'asar. Da gaske nake, ki karɓi taimakon, ki fita ko ki rufe ƙofa ki yi barci. Masu ziyara ma a rage musu zama, hira da amsa gaisuwa aiki ne a wajensa yanzu.

Akwai abubuwan da ba a jira ranar ganin likita a kansu, domin wanda cuta ta taɓa shiga jininsa yana da saurin sake kamuwa a watannin farko. Zazzaɓi ko rawar ɗari, numfashin da ya ƙara tsanani ko yana zaune, ciwon ƙirji, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ruɗewa sabuwa ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, fitsari ya ragu sosai, duk wanda kika gani a ranar za ku tafi ko da tsakar dare ne. Haka in kika ji yana cewa gara da na mutu, ko na zame muku kaya, kar ki ce masa daina faɗin haka ki wuce. Ki zauna ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar bata sa mutum aikatawa, kuma ki sanar da likita a ranar.

Maganar hannunki da baya riƙewa na san ta fi komai yi miki ciwo ko da a layi ɗaya kika faɗe ta. Bayan babban ciwo sha'awa kan ɗauke, ga kasala ga magunguna ga damuwa, ga kuma kunya, ya kalli hannuwansa da suka rame da tabon allurai ya ga ba jikin da kika sani bane. Da yawa suna janyewa ne don tsoron kar riƙe hannu ya kai inda ba za su iya ba. To ke ki fara, ki zauna kusa da shi ki ɗora hannunki kan nasa ba tare da kina jiran komai ba, ki ce masa ba abin da kike nema sai zaman. Sauran zai zo da ƙarfin jiki, in ya daɗe bai zo ba wannan ma magana ce ta likita, ba abin kunya bane.

Maganar shekaranjiya kuwa, kar ki bari ta ƙara kwana. Ba sai kin yi dogon bayani ba kuma kar ki haɗa da amma kai ma. Ki ce masa ka yafe min maganar da na faɗa, ba gaskiya bace, ina ganin yadda kake fama, na gaji ne kuma tsoro nake ji. Ki faɗi tsoron, domin shi a ganinsa ke lafiyarki ƙalau shi kaɗai ke cikin rami. Daga baya in kun shirya ki faɗa masa kema tsawar da yake miki na miki zafi, ciwo uzuri ne amma baya halatta zagi ko ɗaga hannu, in abin ya taɓa kaiwa nan ki sanar da wanda kika yarda da shi da kuma likitan.

Zai dawo daidai? Ba zan miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da aka gani shi ne mafi yawa suna ci gaba da samun sauƙi a cikin shekarar farko, wasu su koma kamar da, wasu su rage da ɗan rauni ko saurin gajiya su koyi zama da shi. A wata uku ba a yanke hukunci. Ke kuma in kika ga barci ya ƙaurace miki ko da an karɓe ki, ko kuka na zuwa miki ba dalili, ko ƙarar waya na sa gabanki faɗuwa kamar lokacin da yake asibiti, ki faɗa wa likitan a wannan zuwan, a duba ki ke ma.

Ki sake rubuto min bayan kun je, musamman abin da suka ce kan haɗiyar da kuma fisiyo. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi.